Shawarar Bakin Hanya Da Karatun Zaure

Iyayenmu dattawan zango, da malamaina, da 'yan'uwana samari masu karanta wannan takarda tamu, ina neman izini in yi magana a kan wani abu wanda a ido ƙarami ne, amma a ganina ya shafi kowa. Abin kuwa shi ne bambancin da ke tsakanin shawara da karantarwa. Mutane da yawa yanzu sun ɗauke su abu guda. Wanda ya ji magana uku a bakin wani sai ya ce ya yi karatu a wurinsa, wanda kuma ya faɗi magana ukun sai ya fara jin kansa malami. Na so in kawo misali daga littattafan fiƙihu kaɗai, amma na ga in na yi haka za a ce malam yana kare tuwonsa ne. Saboda haka na tafi can nesa, ƙasar Japan, na ɗauko wata sana'a wadda babu mai cin abinci da ita a zangonmu, don mu dube ta da sanyin zuciya. Sunan sana'ar bonsai.

Ma'anar kalmar a harshensu ita ce shuka a cikin kasko. Itace ne sosai, irin wanda in an bar shi a daji zai fi soro tsawo. Sai a dasa shi a kasko marar zurfi, a riƙa rage masa saiwa da rassa, a naɗa wa rassan waya a tanƙwara su, har ya zama tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, amma kamanninsa na tsohon itace wanda ya sha iska da rana. Kada wani ya zaci wani iri ne na wadan itatuwa. In ka ɗauki ƙwayarsa ka shuka a ƙasa, babban itace zai fito kamar sauran danginsa. Ba kuwa da yunwa a ke ƙanƙanta shi ba, don taki da ruwan da a ke ba shi sun fi na itacen gona kulawa.

Asalin abin daga ƙasar Sin ya ke. A kabarin wani ɗan sarki na daular Tang, wanda aka binne a ciki a shekarar 706, an sami zane a bango na barori suna ɗauke da kasake masu duwatsu da 'yan shuke-shuke. Daga can ya ƙetare zuwa Japan, inda a ke ganin itatuwan kasko a cikin wani zane na shekarar 1309. Da girgizar ƙasa ta rushe birnin Tokiyo a 1923, sai masu wannan sana'a suka tashi suka nemi wuri mai iska da ruwa mai kyau, suka kafa unguwarsu a Omiya a 1925. Mu dai mun san ma'anar mutane su tashi su kafa zango a wata ƙasa saboda sana'a. A 1934 kuma aka fara babban baje kolinsu mai suna Kokufu a Tokiyo, wanda a ke auna gwanintar kowa da shi.

To, yaya a ke koyon wannan sana'a a wurin masu ita? Yaro ya kan je gidan gwani ya zauna, su ce masa deshi, watau almajiri. Bisa al'ada shekara 5 zai yi yana koyo, sa'an nan ya ƙara shekara guda ta hidima don godiya ga maigidansa. A farko ba a ba shi almakashi. Shara zai yi, da cire ciyawa daga kasake, da ɗaukar kaya, da tsayawa a bayan maigida yana kallo. Suna da wata magana da su ke cewa ban ruwa kaɗai shekara uku a ke koyonsa. Wanda bai sani ba zai yi dariya, ya ce ai ko yaron goye ya iya zuba ruwa. Amma ƙasar kaskon kaɗan ce, galibi kuma wata irin jar ƙasa ce mai tsakuwa-tsakuwa da su ke kira akadama, wadda ruwa ke ratsa ta da sauri. In ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, in ya gaza ta bushe. Lambu guda kuwa ya kan ƙunshi ɗaruruwan itatuwa, kowane da ƙishirwarsa, ƙishirwar kuma tana sakewa da rana da iska da wata. Almajiri sai ya koyi duban launin ƙasa, da taɓa ta da yatsa, da jin nauyin kasko, da lura da ganye, har ya san wanda zai ba ruwa yanzu da wanda zai tsallake sai la'asar.

Masahiko Kimura, wanda aka haifa a 1940, yana cikin manyan gwanayen wannan zamani. Yana ɗan shekara 15 ya shiga almajiranci a hannun Motosuke Hamano, ya yi shekara 11 kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ma da ya zama maigida, wani saurayi Ba'amurke mai suna Ryan Neil ya zo ya zauna a ƙarƙashinsa shekara 6, daga 2004 zuwa 2010. Saurayin nan ya fito daga ƙasar da littattafan bonsai suka cika kanti, ya kuma yi karatun shuke-shuke a jami'a, duk da haka ya ga sai ya je ya durƙusa.

Yanzu mu juyo ga shawara. Shawara ita ce maganar da mutum ya ke jefa maka yana wucewa. Ka tambaye shi, ya amsa da abin da ya gani a gidansa, ya yi gaba. Galibi ba ƙarya ya ke yi ba, a nan kuwa hatsarin ya ke, don da ƙarya ce da an gane ta da wuri. Bari in kawo misali.

A Japan akwai wani itace mai ganye kamar allura, suna kiransa matsu. Iri biyu suka fi shahara a kasko. Baƙin, watau kuromatsu, alluransa biyu-biyu su ke fitowa, itacen bakin teku ne mai ƙarfi. In ya yi sabon toho da bazara, sai gwani ya bari har watan Yuni ko farkon Yuli, ya yanke tohon duka. Itacen sai ya sake fid da wani toho na biyu a shekarar, mai gajerun allurai, waɗanda suka dace da ƙaramin jikinsa. Farin kuwa, watau goyomatsu, alluransa biyar-biyar ne, itacen kan dutse ne, sau ɗaya ya ke toho a shekara. In ka yi masa irin wannan yanka, reshen zai raunana, wataƙila ma ya mutu. Har baƙin ma ba a yi masa haka sai yana da lafiya da ƙarfi. To, mai shawara zai ce maka, a yanke tohon matsu a watan Yuni. Gaskiya ya faɗa. Amma bai tambaye ka wane matsu ba, bai ga lafiyarsa ba, kai kuma ba ka san akwai abin tambaya ba.

Mu masu karatun fiƙihu mun san wannan ciwo. Direba mai zuwa Tamale daga Kumasi ya tambayi malam, malam ya ce masa ya yi ƙasaru. Wani yana gefe ya ji, gobe zai tafi kasuwar Kejetiya daga zango, sai ya sallaci azahar raka'a biyu, ya ce ai da kunnensa ya ji malam ya faɗa. Ya ji hukunci, bai ji sharaɗi ba, cewa a mazhabarmu ta Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48. Fatawa riga ce da aka ɗinka wa mai tambaya. Wanda ya tsince ta a hanya ya sa, ko ta yi masa yawa ko ta matse shi.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na ɗauki alƙalami, wani almajirina ne, yaro mai hankali, ɗan shekara 17. Ya ga hotunan itatuwan nan a wayarsa, abin ya shiga ransa. Ya shuka ƙwayar tsamiya a gwangwani, daga baya ya mai da ita kasko, ya yi ta reno shekara 5. Ta yi kauri kamar babban yatsa, ta yi rassa, duk wanda ya shigo gidansu sai ya tsaya ya duba. Ran nan a wurin wani suna ya gamu da wani baƙo, ɗan zango ne mazaunin Ingila da ya zo hutu, shi ma yana ajiye irin waɗannan itatuwa a can. Yaro ya yi murna ya sami masani. Suna tsaye a bakin rumfa baƙon ya ce masa, a watan Disamba da Janairu itace barci ya ke yi, a rage masa ruwa, sau ɗaya a mako ya isa. Mutumin kirki ne, alheri ya nufa, abin da ya faɗa kuma daidai ne ga itatuwansa, don a can sanyi ya kan sa su zub da ganye su kwanta, ƙasar kasko ta daɗe ba ta bushe ba. Amma mu Disamba da Janairu hunturu ne. Iskar da ke tsage mana leɓe da diddige ita ce ke shanye ƙaramin kasko tsakanin hantsi da la'asar. Kafin kwana goma ganyen tsamiya ya kaɗe. Yaro ya kankare ɓawonta da farce, ya tarar babu sauran kore a ciki. Baƙo kuwa ya riga ya hau jirgi, har yau bai san abin da ya faru ba. Yaron nan ya zo makaranta idonsa jawur, ya kwana uku ba ya iya riƙe hadda. Ni ma ina da cediya guda a kasko a ƙofar ɗakina, na san yadda rai ke ɗamfaruwa da abin da mutum ya ke shayarwa kowace safiya.

Da na zauna na auna, sai na ga bambancin shawara da karantarwa ya kasu biyar.

Na farko, mai shawara tambaya ya ke ji, malami kuwa mai tambayar ya ke gani. Da baƙon nan malamin yaron ne, da ya san gidansu, da inda kaskon ya ke zaune, da inda rana ke bugunsa. Gwanin Japan ba ya gaya wa almajiri biyu magana ɗaya. Mai gaggawa sai a tsare shi ga shara, mai tsoro sai a miƙa masa almakashi.

Na biyu shi ne tartibi. Shawara a warwatse ta ke zuwa, yau a ba ka maganar waya, gobe ta taki, jibi ta yadda a ke ƙeƙasa reshe ya yi fari kamar ƙashi. Karantarwa kuwa tana da farko da tsakiya da ƙarshe. Ba a koya maka tanƙwara itace sai ka iya raya shi. Haka mu ma ba a buɗe wa yaro Muhtasar sai ya bi ta Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Wanda ya fara daga sama zai iya kawo maka mas'ala mai wuya ya burge jama'a, amma ka ce ya lissafa farillan alwala sai ya fara soshe-soshe. Japanawa suna da kalmomi uku da su ke faɗi a sana'o'insu, shu da ha da ri, watau ka fara riƙe abin da aka koya maka daidai, sa'an nan ka tsaga shi ka gwada wani, sa'an nan ka rabu ka tsaya da kanka. Samarinmu da yawa daga ta uku su ke so su fara.

Na uku shi ne gyaran hannu. Kowane littafi zai gaya maka a naɗa waya a karkace kamar digiri 45, kaurinta kuma ya zama kamar sulusin kaurin reshe, ta jan ƙarfe ga masu allura, ta alminiyam ga masu laushin ɓawo. Wannan ko a bakin hanya an iya faɗa maka. Amma yadda za ka tallafi reshe da yatsa kada ya karye, da yadda za ka ji ya kai iyakarsa, da ranar da za ka kwance wayar kafin ta nutse cikin ɓawo ta bar tabon da zai shekara da shekaru, wannan sai wani ya tsaya a kanka ya ce sassauta, ko ya ce sake. Almajirin Kimura ya kan naɗa itace yini guda, maigida ya zo ya duba ya sa shi ya warware. Wa ya taɓa koyon fid da harafin ladi ko aini daga takarda? Sai malam ya ji da kunnensa, ya mai da kai sau ashirin. Gani ya kori ji, amma a wannan wuri ganin da malam ya ke yi maka ya fi ganin da ka ke yi masa amfani.

Na huɗu shi ne jinkirin sakamako. In ka ba mai dafa shinkafa muguwar shawara, kafin magariba an gane. Itace kuwa ba ya amsawa da wuri. Akwai wani iri da su ke kira shimpaku, wanda ya kan mutu amma ganyensa ya zauna kore makonni, mai shi yana ta ba gawa ruwa. Yankan da ka yi bana sai baɗi ko baɗin baɗaɗa za ka ga abin da ya haifar. Lokacin nan mai shawara ya manta ya taɓa ganinka. Malami shi ne wanda zai kasance yana nan sa'ad da sakamakon ya fito, ya ce maka, ka tuna abin da ka yi shekara biyu da suka wuce? Ga ɗansa. Tarbiyyar yaro ma haka ta ke. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma karkatar da aka yi masa yana ɗanye sai ya bushe a ke ganinta sosai.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, shi ne alhaki. Mai shawara ba ya ɗaukar kome. In ta yi kyau ya ce ni na gaya masa, in ta ɓaci ya ce ai ra'ayina na faɗa. Malami kuwa sunansa yana rataye a wuyan almajirinsa. A watan Janairu na 2019 ɓarayi suka shiga wani lambu a Kawaguchi, kusa da Tokiyo, suka sace itatuwa 7, cikinsu har da shimpaku mai kimanin shekara 400. Abin da ya ba duniya mamaki, masu lambun roƙon ɓarayin suka yi su riƙa ba itacen ruwa, don ba zai kai mako ba in babu shi. Ga mutanen da suka san abin da ke hannunsu amana ce daga waɗanda suka riga su.

A birnin Washinton na Amurka akwai wani farin matsu wanda aka fara renonsa a kasko tun 1625. Gidan Yamaki ne suka riƙe shi, zuriya bayan zuriya, a birnin Hiroshima. Ranar 6 ga Agusta 1945 da aka jefa bam ɗin nan, itacen yana cikin lambunsu, kamar mil 2 daga inda ya fashe, katanga ta kare shi. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi cikin itatuwa 53 da Japanawa suka yi wa Amurka kyauta don cikarta shekara 200, bai ce kome ba a kan bam. Sai a 2001 da jikokinsa suka je duba shi aka san labarin. A 2025 ya cika shekara 400 a kasko. Ku lissafa safiya nawa ke cikin shekara 400. A cikinsu duka ba a sami mako biyu na zafi da aka manta da shi ba, ba a sami hannu ɗaya da ya yanke abin da bai kamata ba har ya kashe shi. Kowane mai riƙonsa ya karɓa daga wanda ya tsaya a kansa ya gyara masa hannu. Mu wannan muna da sunansa, silsila. A ƙasar nan tamu ta Gana malaman Wangarawa, masu bin tafarkin Alhaji Salim Suware, ba su naɗa wa mutum rawani sai ya sauke Tafsirin Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa a gaban malami, sa'an nan a rubuta masa takarda mai sunayen malamai, wane daga wane, har zuwa Imamu Malik. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga ya rasu a Kete Karachi a 1934, ta hanyar almajiran da suka durƙusa gabansa karatunsa ya bazu cikin zangogi.

To, kada a ce na zo in rushe shawara. Matambayi ba ya ɓata, kuma yawancin abin da mu ke rayuwa da shi a bakin mutane muka tsince shi. Shi kansa yankan tohon baƙin matsu da na ambata, ana ba da labari cewa wani gwani mai suna Saichi Suzuki ya gano shi ne da ya ga tsutsa ta cinye sabon toho, itacen kuma ya sake fid da gajerun allurai. Tsutsa ce ta ba shi shawara. Amma idon da ya ga abin ido ne da ya daɗe a lambu, kuma sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin ya koya wa wani. Shawara iri ce, tana tsira a gonar da aka riga aka gyara. Wanda ya yi karatu ya kan ji magana a mota ya amfana da ita, don ya san inda zai ajiye ta da sharaɗin da ya ɓace mata.

Kada kuma a zaci karantarwa sai an je Japan an yi shara shekara 6. Yuji Yoshimura ya fara buɗe aji ga baƙi a Tokiyo a 1952, ya jera musu darussa ɗaya bayan ɗaya, a 1957 kuma ya fitar da littafi da Turanci. John Naka a Amurka ya yi ta koyar da ɗalibai, littafinsa na 1973 daga bayanan da ya ke rubuta wa ɗalibansa ya samo asali. Waɗannan sun sauƙaƙa hanya, amma ba su zub da tartibi ba, ba su kuma daina tsayawa a kan ɗalibi suna gyara masa hannu ba.

A nan ina roƙon iyayenmu dattawa da malamai su yi mini afuwa, akwai kalma guda da ta ke tamu. Yaro ba ya zuwa bakin hanya neman ilimi sai in ya tarar da zaure a rufe, ko ya shiga an ƙi duban sa. Sharar da almajirin Japan ya ke yi tana da wa'adi sananne, yana kuma yin ta ne a tsakiyar itatuwa, idonsa a kan hannun maigida, a ƙarshe a ba shi shaida ya tafi ya buɗe nasa. In mu kuwa muka riƙe yaro shekara da shekaru yana aike da wanki, ba a biya masa ko shafi guda a mako, in ya yi tambaya a ce ya cika rashin kunya, to, mun ci hidimarsa ba mu biya ba. Haka masu sana'a a zango, maɗinka da makanikai da maƙera, wanda ya ɓoye wa yaronsa asirin aiki don kada ya fi shi, da shi za a binne asirin. Matsun Yamaki bai kai shekara 400 ba sai don kowane tsoho ya yarda ya sakar wa yaro abin da ya sani tun yana da rai.

Ga samari kuwa, in an ba ku shawara, a kan itace ne ko a kan salla ko magani ko aure, ku karɓa da godiya, sa'an nan ku yi mata tambaya huɗu. A kan wane iri aka faɗe ta? A wace ƙasa? A wane lokaci? Shi mai faɗin, ina nasa itacen, in gani? In za ku gwada, ku gwada a reshe guda, kada ku gwada a abin da in ya tafi ba shi dawowa. Wanda ya ke son wannan sana'a a nan, da ɗan gari a kan ci gari. Matsun Japan yana bukatar sanyin ƙasarsu. Mu ga cediya da durumi da ɓaure da tsamiya da kuka da kariya, sun san ranarmu da hunturunmu. Mutanen Afirka ta Kudu sun daɗe suna renon kuka da itatuwan ƙaya a kasko bisa siffar da su ke da ita a dajinsu. Tsohon mai lambun da ke sayar da dashe a bakin titi, wanda bai taɓa jin kalmar bonsai ba, ya san watan da cediya ke kamawa fiye da baƙon da ya zo hutu. Ku je ku gaishe shi, ku ɗaukar masa bokiti, ku koma gobe da jibi. Almajirin nan nawa haka ya yi, yanzu yana da dashe uku.

Mu kuma da a ke tambaya, mu ji tsoron Allah a kan abin da mu ke jefarwa muna wucewa. In za ka ba da shawara, ka haɗa ta da sharaɗinta, ka ce a wurina haka ne, a ƙasa kaza, a kan abu kaza. In ba ka ga abin da idonka ba, ka faɗa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, a 32 daga ciki ya ce bai sani ba, shi da a ke yin tafiyar watanni don a zauna gabansa. Wannan takarda tawa ma shawara ce, ku auna ta da ma'aunin da na ba ku, ku kai ta gaban malamanku su gyara.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da zangonmu lafiya. Amin.

Haza wasalam.

Daga wani malamin makarantar Arabiyya, Zangon Kumasi.